Shin gwamnati na biya wa ma'aikata kuɗin raino a Legas?

Tambaya: Ina aiki a wani kamfani mai zaman kansa a Ikeja, maigidana kuma tun asuba yake fita kasuwar Mile 12. Hutun haihuwata ya kusa ƙarewa, mahaifiyata da ta zo mini zaman jego za ta koma Katsina. Na gani a Facebook wai gwamnati na biya wa iyaye ma'aikata kuɗin gidan raino. Gaskiya ne? Daga wata mai jego a Agege.

Amsa: Allah ya raya, 'yar'uwa. Da alama labarin Ingila kika ci karo da shi, inda gwamnati ke ɗaukar nauyin rainon awa 30 a mako ga iyaye masu aiki da suka cika sharuɗɗa. A nan kam babu ofishin da za ki cike fom a biya miki kuɗin mai raino. Taimakon gwamnati ta ƙofa biyu yake shigowa, hutun haihuwa da ajin share fage, kuma tsakaninsu akwai wawakeken giɓi.

Tun 2014, zamanin Gwamna Fashola, jihar Legas ke bai wa ma'aikatanta mata hutun wata shida da cikakken albashi a haihuwa biyu na farko, maza kuma kwana 10. Amma wannan na masu cin albashin jiha ne. Ke dokar ƙwadago ta tarayya ce ta shafe ki: mako 12, da aƙalla rabin albashi idan kin yi wata shida a wurin aikin. Dokar nan dai ta bai wa mai shayarwa rabin awa sau biyu a rana. Mata da yawa ba su san da wannan ba, masu kamfani kuwa ba sa tuna musu. Rabin awa ba zai kai ki Agege ki dawo ba a cunkoson Legas, don haka ki roƙi a haɗe miki su ki riƙa tashi da wuri. Roƙo ne, ba dole ba, amma ana dacewa. Ki duba takardar ɗaukarki aiki ma, wasu kamfanonin sun fi dokar sassauci.

Ƙofa ta biyu ita ce dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004, wadda ta ware wa hukumar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa, wato UBEC, kashi 2 cikin 100 na asusun kuɗin shiga na gwamnatin tarayya, jiha kuma sai ta ajiye nata kason kafin ta karɓa. Ajin share fage na firamaren gwamnati, wanda mu a Arewa muke cewa rabin aji, yana cikin wannan tsari. Sai dai yaro sai ya kai wajen shekara uku, kuma ana tashi tun kina wurin aiki.

To, daga wata uku zuwa shekara uku, aljihunku ne. A ganina nan ne gwamnati ta yi sake, domin a jihar da ta sa mafi ƙarancin albashin ma'aikatanta a kan naira 85,000 a 2024, haya da kuɗin motar danfo sun cinye shi kafin a zo maganar raino.

Abin da ya rage wa gwamnati shi ne sa ido. Ma'aikatar Matasa da Ci Gaban Al'umma da ke Alausa ke yi wa gidajen raino rajista, sai ki nemi ganin takardar. Ki je ba zato da azahar, ki ƙirga jarirai nawa ke hannun mace ɗaya, ki leƙa inda ake wanke kwalaben nono, ki ga ko akwai firji da wutar da za ta riƙe wanda kika tatsa. Idan maƙwabciya za ki bar wa, ku yanke kuɗi da lokacin ɗauka tun Hajiya tana nan, a gabanta.