Shanyewar ƙafa da murɗewar wuya a kaji: me ke faruwa cikin jijiya?

Tambaya: Ina da kajin ƙwai 'yan mako 14. Wasu sun kwanta, ƙafa ɗaya gaba ɗaya baya. Na yi kwana biyar ina zuba musu maganin kashe ƙwayoyin cuta a ruwa, babu sauƙi. Mece ce mafita?

Amsa: Hajiya, Allah ya sawwaƙe. Wannan kwanciya a wannan shekaru ta fi kama da cutar Marek, wadda likitan dabbobi ɗan ƙasar Hangari, József Marek, ya bayyana a 1907. Bairos ne ke kawo ta, shi ya sa maganinki bai taɓa ta ba.

Jijiyar da muke magana a kai ba ta jini ba ce, ta ɗaukar saƙo ce. A ƙarƙashin madubin likita ana ganin ƙwayoyin halitta iri biyu a cikinta. Na farko su ne niyuron, masu kai saƙon: kowace tana da jiki mai cibiya, da gajerun rassa masu karɓa, da dogon zare guda mai aikawa. Jikin yana zaune cikin lakar ƙashin baya, zaren kuma ya miƙe har naman ƙafa. Na biyu su ne masu hidima, giliya. A jijiyoyin ƙafa da fiffike, ƙwayoyin giliya da ake kira Shuwan ne ke naɗe zaren da wani kube mai maiƙo, mayelin, kamar robar da ke jikin wayar lantarki. Kuben ne ke sa saƙo gudu.

A cutar Marek, fararen ƙwayoyin jini ne ke kwarara cikin jijiyar, su cushe ta, kuben ya lalace. Idan kaza ɗaya ta mutu, a sa likitan dabbobi ya buɗe cinyoyin biyu ya gwada babbar jijiyar kowace. Lafiyayya fara ce mai siraran layuka a gicciye. Mai ciwo takan kumbura ninki biyu ko uku, ta yi ruwan toka ko ɗorawa, layukan su ɓace. A duba hanta da saifa ko ƙari ya fito a jikinsu.

Magani babu. Ki fitar da waɗanda suka kwanta, don cutar tana bin ƙurar gashinsu, kuma takan daɗe a keji. Rigakafin a ranar ƙyanƙyasa ake yin sa, saboda haka kafin ki sake sayen 'yan tsaki ki tambayi dillali ko an yi musu, kada kuma ki haɗa su da manya a makonnin farko.

Tambaya: 'Yan tsakina 'yan mako uku yatsunsu sun lanƙwashe ciki, suna tafiya da gwiwa.

Amsa: Malam, fara duba abinci. Ƙarancin bitamin B2 ne ke yin haka, kuma shi ma kuben mayelin yake ci. An fi ganinsa wurin masu haɗa abinci a gida da masara da dusa ba tare da firimis, wato garin bitamin da ma'adinai, ba. Sa bitamin na rukunin B a ruwa yau, bisa awon da ke jikin leda. Niyuron ɗin na nan da rai, ƙwayoyin Shuwan za su iya sabunta kuben, amma in aka yi jinkiri lanƙwasar za ta zauna.

Tambaya: Kajin gidana sun yi ta mutuwa da hunturu. Waɗanda suka tsira wuyansu ya murɗe. Za su miƙe?

Amsa: Da wuya. Wannan alamar cutar Niyukasil ce da ta shiga ƙwaƙwalwa. Zaren jijiyar ƙafa da ya yanke yana iya tohowa, kusan milimita 1 a rana, amma niyuron ɗin ƙwaƙwalwa ba sa rabuwa su haifi wasu. Wadda ta mutu, giliya ce ke cike gurbinta da tabo. Ragowar lafiyayyun kajin ka yi musu rigakafin Lasota ko I-2, waɗanda cibiyar binciken dabbobi ta Vom ke samarwa, kafin sanyi ya shigo, ka maimaita duk wata uku. Ka ajiye kwalbar cikin ƙanƙara, ka hana su ruwa awa ɗaya zuwa biyu, ka haɗa da ruwan da ba shi da kulorin, su shanye cikin awa biyu a inuwa.