Za mu sayar da gidan gado, dillali ya ce in rufe danshi da fenti

Tambaya: Assalamu alaikum. Gidan gadonmu ne a Badariya, Birnin Kebbi, muka sa a kasuwa don a raba wa magada haƙƙinsu. Mutum uku sun duba, babu wanda ya dawo. Bangon ɗakuna biyu yana jiƙewa daga ƙasa tun daminar 2020, ga tsaga a gefen taga. Wani dillali ya ce in sa a shafe a buga fenti, babu mai ganewa. Ƙannena sun matsa, ni kuwa hankalina ya ƙi kwanciya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan magabata. Malam, gara da hankalinka bai kwanta ba.

Mu fara da abubuwan da za su sa masu dubawa su dawo. Sauƙaƙan ba sa cin kuɗi. A kwashe turken awaki da tarkacen zaure, a yashe kwata, a duba rufin masai, a buɗe tagogi tun safe. A tsayar da lokaci da rana, a sanar da matan gida tun kafin baƙi su iso. Takardar mallaka, takardar rabon gado ta kotu da rasit ɗin wuta su kasance a hannu, magada kuma bakinsu ɗaya kan farashi.

Maganar fentin nan ce ta ishe ni, kullum sai na ji ta. Danshin da ke hawowa daga tushe ruwan ƙasa ne bulo yake tsotsa, yana tafe da gishirinsa. Ka shafa hannunka a wurin, farin gari zai biyo yatsunka, fulasta na marmashewa. Fenti ba ya tare wannan. Yana dai kulle ruwan a ciki, kafin Agusta ta fita ya kumbura ya ɓare kamar ɓawon albasa. Mai saye da ya san abin da yake yi da magininsa zai zo. Magini na ganin sabon fenti daga gwiwa zuwa ƙasa, ya ƙwanƙwasa da mukulli ya ji holoƙo, shi ke nan, har kwanon da ba ya yoyo ya shiga zargi. Dillalin kuwa ya karɓi la'adarsa ya ƙara gaba, kai za a kira kotu, don a fiƙihun Malikiyya aibin da aka ɓoye yana ba mai saye damar neman ragi ko mayar da ciniki. Annabi (SAW) ya cusa hannu cikin tsibin abinci a kasuwa ya ji laima a ƙasa, ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Kuɗin magada ne fa, wataƙila har da marayu.

Ita tsagar, in a karkace take daga kusurwar taga, ta fi buɗewa a gefe ɗaya, alamar tushen ginin ne ke nutsewa. Injiniya za ka kira ya gani, ba mai fenti ba. Ya rubuta maka ƙiyasin gyara. Ko ku gyara ku ajiye rasit, ko ka kai mai saye har gindin bangon, ka miƙa masa takardar, a zare kuɗin daga farashi a gaban shaidu.