'Yata ta yi ƙoƙari a makaranta, amma zaɓen jami'a ya raba kanmu

Assalamu alaikum Anti. Mu 'yan Zariya ne, muna zaune a Houston ta jihar Texas a Amurka. Babbar 'yata tana ajin ƙarshe na sakandare. Allah ya ba ta kai: ta ci 1540 cikin 1600 a SAT, jarrabawar neman shiga jami'a, tana sahun gaba a ajinsu, sunanta kuma ya fito a zagayen kusa da na ƙarshe na National Merit, gasar tallafin karatu ta ƙasa. Ilimin kwamfuta take so, ba ta da zance sai jami'o'in MIT da Carnegie Mellon. Abin da ni da babanta muke samu a shekara bai wuce dala 120,000 ba, ga ƙannenta uku. Babanta ya ce ba zai ci bashi mai ruwa ba ko da wasa, ta nemi inda za su ɗauki nauyinta saboda ƙwazonta, in babu ta zauna a Texas. Ita kuma gani take mun raina wahalar da ta sha. Yanzu ko gaisuwa da ƙyar suke yi. Anti, ina mafita?

Maman yara, Houston

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya yi wa yarinyar nan albarka, ya raya ƙannenta. Ki kwantar da hankalinki, domin abin da babanta yake tsoro da abin da ita take buri za su iya zama a inuwa guda.

Kuɗin karatu a Amurka iri biyu ne: akwai wanda ake bayarwa don ƙwazon ɗalibi, akwai wanda ake bayarwa gwargwadon ƙarfin iyaye. MIT, Harvard, Princeton da sauran takwarorinsu ba sa ba da na ƙwazo sam, saboda duk wanda suka ɗauka gwani ne. Aljihunku suke dubawa. A nan kuwa albishir gare ku: daga shekarar karatu ta 2025, MIT da Harvard sun yafe kuɗin makaranta ga yawancin iyalan da samunsu bai kai dala 200,000 ba. Masauki da abinci ne za a yi muku lissafinsu. Jami'ar Rice da ke nan garinku ma tana da irin wannan tsari ga masu samu kamar naku. Wato makarantar da maigidan yake gudu don tsada tana iya zuwa muku da sauƙi fiye da wadda yake ganin mai araha ce.

Carnegie Mellon sai an yi hattara. Sashenta na kwamfuta na cikin mafi kyau a duniya, amma jimillar kuɗin shekara ya haura dala 80,000, kuma tallafinta ma na duba ƙarfin iyaye ne. Kada ta kuskura ta nema ta hanyar Early Decision, wato tsarinsu na nema da wuri, domin alƙawari ne mai ɗaure mutum: in sun ɗauke ta dole ta janye daga sauran, ba ku ga tayin kowa ba. Tsarin nema da wuri na MIT kuwa ba ya ɗaure kowa.

Sai dai ki gaya mata gaskiya cikin lallashi. MIT ba ta ɗaukar ko biyar cikin ɗari na masu nema, kuma da yawa daga waɗanda ake mayarwa makinsu ya kai nata. Ta nema, ta yi addu'a, amma kada ta rataya rayuwarta a kan ƙofa ɗaya.

Kuɗin ƙwazo na gaske yana wasu wuraren. Jami'ar Texas ta Dallas (UT Dallas) da Jami'ar Alabama sun yi suna wajen zuba wa 'yan National Merit tallafi mai tsoka idan sun kai zagayen ƙarshe, da sharaɗin ɗalibi ya rubuta makarantar a matsayin zaɓinsa na farko a wurin hukumar gasar. UT Dallas kuwa ba kanwar lasa ba ce a fannin kwamfuta, ga kamfanonin fasaha kewaye da ita. Vanderbilt da USC suna da tallafin da ke biyan kuɗin makaranta gaba ɗaya, amma gasa ce mai zafi, kuma suna rufe karɓa da wuri, tsakanin Nuwamba da farkon Disamba. Duk inda aka yi mata tayi, ku tambaya: na shekara huɗu ne? Wane maki za ta riƙe kada a ƙwace? Na damu da wannan tambaya ta biyu, saboda darussan kwamfuta na shekarar farko suna kayar da yara masu kai sosai.

Zaman Texas da babanta yake faɗa ma ba faɗuwa ba ce. Jami'ar Texas ta Austin (UT Austin) na cikin manya a wannan fanni, ga kuɗin 'yan jiha. Abin lura shi ne, gurbin da dokar jihar ke bai wa 'yan saman aji na shiga jami'ar ne kawai, bai tabbatar mata da sashen kwamfuta ba. A Jami'ar Texas A&M kuma sai ta yi shekarar farko a injiniyanci na bai ɗaya kafin ta nemi sashen.

Ga abin da nake so ki yi a makon nan. Kowace jami'a tana da ma'aunin kuɗi a shafinta na intanet, ana ce masa Net Price Calculator. Ki zaunar da su biyun, da takardun harajinku a gaba, ku gwada makarantu takwas ko goma. Babanta ya faɗi adadin da zai iya biya a shekara ba tare da bashi ba, a rubuta, ita ma ta amince cewa duk wadda ta wuce haka an ajiye ta. Matsayinsa a kan riba abin girmamawa ne, ki nuna mata hakan, shi kuma ki roƙe shi ya bar ta ta nemi MIT ɗin. Ku cike FAFSA da CSS Profile, wato fom ɗin neman tallafin karatu, da wuri. Ba sai 1 ga Mayu ɗalibi yake ba jami'a amsar ƙarshe ba? To ku bari takardun tayi su taru tukuna, sannan a yi istihara a zaɓa.

Anti