Fatar ƙarƙashin idona ta saki, ko leza za ta ɗame ta?

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekaruna 52, fatar ƙarƙashin idanuna ta yi tamoji ta saki. Na ji akwai na'urar leza da ke ɗame ta. Ni baƙa ce, kuma na daɗe ina shafa man ƙara haske. Zai yi mini? Mai karatu daga Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Leza tana aiki, amma kalar fatarki ce za ta zaɓi irin na'urar.

Na'urar tana huda fata da ɗigo-ɗigon zafi ƙanana, jiki ya gyara wurin da sabon kolajin, sinadarin da ke riƙe fata. Wannan ɗamewar ba ta bayyana a mako guda, sai bayan wata 3 zuwa 6. Leza mafi ƙarfi ita ce wadda ake kira CO2, kuma ita ce mafi haɗari ga baƙar fata, domin zafinta yana tayar da ƙwayoyin launi, sai baƙin tabo ya zagaye ido, ya yi watanni bai gushe ba. Ga irin fatarmu, likita kan zaɓi lezar da ake kira Nd:YAG mai lamba 1064, ko na'ura mai ƙananan allurai da ke ɗumama fata da igiyar rediyo, zama 3 ko 4, wata guda tsakani. A fara gwadawa a ɗan wuri, a jira mako 2 zuwa 4.

Man bilicin kuwa, ki faɗa wa likita gaskiya. Da yawansu na ɗauke da sitiyarod, wanda ke sirantar da fata har ciwo ya ƙi warkewa. Sai kin daina, fatar ta farfaɗo, kafin a taɓa ki. Ki kuma faɗa masa idan tabonki kan kumbura ya yi tudu, ko kina samun ƙurajen zazzaɓi a leɓe. Masu ƙurajen leɓen ana ba su aciclovir, maganin da ke hana su tasowa, tun kafin aiki.

Ranar aiki, ana shafa maganin kashe zafi kusan awa guda, a ɗiga wani a ido, sannan a sa murfin ƙarfe a ƙarƙashin fatar idon don kare ƙwayar ido. Wurin da ba su da wannan murfin, ki tashi ki fita. Idan zafin ya yi yawa a fatar ƙasan ido, tana iya janyewa ta juyo waje, ido ya yi ta hawaye.

Bayan aiki, Vaseline kawai, ban da kwalli da hoda har wurin ya warke, ban da ɓantare ɓawo. Kullum man kariyar rana SPF 50 da tabarau.

Idan kuma jakar kitse ce ta kumburo, ko fata ta rufo kan ido, leza ba za ta ɗauke ta ba. Wannan aikin likitan tiyatar ido ne.