Tambaya da Amsa: Maƙwabtanmu suna sakin sokawe a kwata idan ana ruwa

Assalamu alaikum masu karatu. Tun da damina ta kankama saƙonnin da suke shigo mana kusan duk a kan kwata da wari suke, shi ya sa na zaɓi guda uku na haɗa su, saboda ruwa ɗaya ne yake bi ta ƙofar gidan dukkansu.

TAMBAYA: Salam Malam, dan Allah a taimaka min da shawara. A layinmu akwai wani gidan haya mai ɗakuna da yawa, duk sanda aka fara ruwa da daddare sai su buɗe sokawe ɗinsu su sake shi cikin kwata wai ruwa zai tafi da shi, in ruwan bai yi ƙarfi ba kuma sai abin ya kwanta mana a ƙofar gida, wari ba a magana, nan yara suke wasa, ga rijiyarmu a tsakar gida. Bana sau biyu ana kwantar min da autana saboda gudawa. Maigidana ya yi wa mai gidan magana, ya ce ai kowa ma haka yake yi a garin nan. Da gaske ruwan sama yana wanke wannan ƙazantar? Kuma ya za mu yi ba tare da an ɓata maƙwabtaka ba?
Daga wata uwa a Fagge

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba yaron nan lafiya mai ɗorewa, wallahi saƙonki ya taɓa ni. Amsar tambayarki ta farko ita ce a'a, ruwan sama ba ya wanke komai, ɗauka kawai yake ya kai wa na gaba. Abin da ya fita daga kwatar layinku lambatu yake faɗawa, lambatun Fagge kuma Jakara yake zubawa, ita Jakarar ta riga ta kwaso na cikin birni tun daga wajen Kasuwar Kurmi, ta haɗa da ruwan abbatuwa da na Sabon Gari, ta wuce ta Nomansland da Gama, a gaba ta haɗu da rafin Getsi mai ɗauko ruwan masana'antun Bompai, sai dam ɗin Wasai a ƙaramar hukumar Minjibir. A can akwai masunta, a hanya kuma akwai masu lambu. Kin ga ashe abin da mai gidan hayar nan ya saka da daddare yana iya dawo masa cikin kwanon kwaɗon latas ko kifin da aka soya masa, shi bai ma sani ba.

Kuma ba duka ne yake kaiwa Jakara ba, wannan shi ne abin da ya fi damuna game da gidanku. Yawancin kwatocinmu a fashe suke, wasu ma ba siminti sam, ga ledar fiya wata da robobi sun toshe kwalbati, to ruwan sai ya tsaya yana tsumawa cikin ƙasa a hankali. A watan Agusta da ƙasa ta ƙoshi, ruwan ƙarƙashi yana tasowa sama sosai, duk mai rijiya ya san haka don guga ba ya nisa, to a lokacin ne ruwan masai da ruwan rijiya suke gaisawa. Ma'aikatan lafiya suna so a samu tazarar kamar mita 30 tsakanin rijiya da ramin masai, ki faɗa min gida nawa ne a Fagge ko Gwammaja ko cikin birni yake da wannan filin? Rijiya a nan, masai a can, taku biyar tsakani. Ruwan zai fito garai-garai a ido amma ƙwayar kwalara da ta taifod ba a ganinsu.

Bari in ba ki labarin da ya faru a Landan a 1854. Kwalara ta ɓarke a wata unguwa ta kashe sama da mutum 600 cikin ɗan lokaci, mutane suna cewa mugun wari ne yake kawo ta. Wani likita mai suna John Snow ya bi gida-gida yana tambayar inda mamatan suke ɗibar ruwa, ya gano kusan duk famfon tuƙa-tuƙa ɗaya ne a titin Broad, ya sa aka cire hannun famfon. Da aka tona daga baya sai ga ramin masai dab da rijiyar yana yoyo a ciki. Yanayin gidajenmu kenan sak a yau. Mu ma ba mu manta 2021 ba, shekarar da amai da gudawa ya kama sama da mutum 100,000 a Najeriya ya kashe sama da 3,500, kuma Kano tana cikin jihohin da abin ya fi tsanani, wanda ya leƙa Asibitin Zana, wato asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano, a daminar waccan shekarar ya ga abin da ido ba ya son gani.

To me za ki yi? Ki fara da cikin gidanki yau ɗin nan, kar ki jira maƙwabci ya shiryu. Ruwan rijiyar nan a daina ba yara shi haka nan, a tafasa ko a sa masa maganin kulorin da ake sayarwa a kemis, a bi ƙa'idar da aka rubuta a jiki, har ruwan 'yan garuwa ma haka tunda ba ki san inda aka ɗebo ba. A ɗaga bakin rijiyar da bulo, a yi mata daɓen siminti kewaye da murfi, guga kuma a daina ajiye shi a ƙasa. In gudawa ta kama yaro ki fara ba shi ruwan gishiri da suga nan take, ledar ORS ɗaya a lita ɗaya ta ruwa mai tsafta, in babu ki sa suga ƙaramin cokali 6 a shafe da gishiri rabin ƙaramin cokali a lita ɗaya, kina ba shi kuna hanyar asibiti.

Maganar maƙwabci kuma, ni ban ga laifin maigidanki ba da ya fara zuwa shi kaɗai, haka ya dace. Amma tunda an ce masa kowa ma haka yake yi, to yanzu magana ta zama ta layi. Ya nemi magidanta uku ko huɗu da abin ya shafa su je wajen mai unguwa tare da limamin masallacinku, a kira mai gidan a zauna cikin mutunci. Liman ya san hadisan da suka hana yin bahaya a mashayar ruwa da kan hanya da inuwar da mutane suke zama, ya san haƙƙin maƙwabci, ya tuna masa. Sau da yawa in kika bincika ba mugunta ba ce tsagwaronta, ramin ne aka haƙa don gida mai mutum goma yanzu mutum hamsin suke amfani da shi, ga ruwan wanka da na wanki da na indararo duk an juya su ciki, dole ya cika duk bayan 'yan makonni, kuɗin motar kwasa kuma mai gida yana ƙyashi. Maganin shi ne a raba hanya, ruwan sama ya bi kwata, ramin masai a bar shi da abin da aka yi shi dominsa, a rufe bututun da aka fasa zuwa waje da siminti a gaban shaidu, 'yan haya da mai gida su yi karo-karo a kira mota ko masu gidan kowa da akwai su kwashe tun watan Afrilu ko Mayu kafin ruwa ya sauka. In an yi duk wannan ya ƙi, sai a kai wa duba-gari a sashen lafiya na ƙaramar hukuma, aikinsu ne kuma doka ta ba su ikon ba shi wa'adi har su kai shi kotu. Kar ki ji nauyin wannan Hajiya, ran ɗanki ake magana.

TAMBAYA: Malam mu masu lambu ne a bakin Jakara, da ruwan nan iyayenmu suka yi noman rani muka gada. Yanzu kullum a rediyo ana cewa kayanmu cuta ne. Ina ake so mu samo wani ruwan?
Daga wani manomi a Kwakwachi

AMSA: Baba sannu da ƙoƙari, kuma gaskiyarka, ba ku kuka ɓata ruwan ba, daga sama aka ɓato muku shi, kuma ku ne kuke tsayawa a cikinsa da ƙafa tun asuba, ku kuka fi kowa kwasar tsutsar ciki da ƙaiƙayin fata. Amma ba zan ɓoye maka ba, dattin da ke cikinsa iri biyu ne. Akwai na bahaya, wato ƙwayoyin cuta da ƙwan tsutsa, wannan ana iya rage shi sosai. Akwai kuma na masana'antu, irin sinadarin kuromiyam da ake jimar fata da shi da sauran ƙarafa masu guba, wannan wanki ba ya fitar da shi, dafuwa ma ba ta kashe shi, sai dai a tare shi tun daga bakin kamfani, shi ya sa gonakin da suke ƙasa da mahaɗar Getsi suka fi shiga haɗari.

Abin da yake hannunku shi ne ku haƙa ɗan tafki a gefen gona ku tara ruwan ya kwana biyu ya kwanta kafin ku ja, ku riƙa ba da ruwa ta kwari a gindin shuka maimakon watsa shi a kan ganye, ku tsayar da ban ruwa kwana biyu zuwa uku kafin cira in shukar za ta jure saboda rana tana kashe ƙwayoyi da yawa, kuma dan girman Allah a daina wanke latas da karas a cikin rafin kafin a kai kasuwa, wannan wankin shi ne yake mayar da aiki baya. Inda ruwan ya fi baƙi a fi ba da ƙarfi ga abin da ake dafawa kamar alayyafo da kuɓewa, a rage wanda ake ci ɗanye. A samu takalmin roba dogo. In kuna da ƙungiya ku nemi a taimaka muku da rijiyoyin burtsatse na noman rani, murya ɗaya ba ta kai ta mutum ɗari ba.

TAMBAYA: Ni a ganina tunda an rufe Jakara an yi titi a kanta ai matsalar ta ƙare, ko ba haka ba?
Daga wani ɗalibi a Gwale

AMSA: Ɗan'uwa aikin titin Wuju-Wuju da aka faro a zangon mulkin Kwankwaso na biyu ya yi amfani a inda aka rufe, an samu hanya, wari ya ragu, yara sun daina faɗawa. Amma rufewa daban tacewa daban, ruwan da ya shiga da datti haka yake fita da dattinsa a ɗaya bakin, mutanen Gama da Wasai su za su ba ka labari.

Ko manyan biranen duniya da suke da bututun ƙazanta a ƙarƙashin ƙasa suna fama da wannan. A Landan tsohon tsarinsu bututu ɗaya ne yake ɗaukar ruwan sama da na bayan gida, in aka yi ruwa mai yawa sai ya cika ya amayar cikin kogin Tems, sai da suka haƙa wani ƙaton rami mai tsawon kilomita 25 a ƙarƙashin kogin, aka gama haɗa shi a 2025, yana tare ambaliyar ya riƙe har a tace. Mu a Kano yawancin unguwanni ba mu da irin wannan bututun ma, kowa da raminsa, don haka namu gyaran ba sai ya ci irin wannan kuɗin ba. Babban abin da muke buƙata shi ne wuraren da aka keɓe a bayan gari, gabas da yamma, kudu da arewa, inda motocin kwasa za su riƙa juyewa a tace, domin in ka matsa wa mai gida ya kira mota, motar kuma ta je ta juye a kududdufi ko bakin rafi da tsakar dare, ai an gudu ba a tsira ba. Akwai tsarin tafkuna a jere da ruwan yake bi daga wannan zuwa wancan, rana da iska su yi aikin tacewa ba tare da wutar lantarki ba, irin zafin ranarmu ya dace da shi sosai, busasshen abin da ya rage kuma in ya daɗe ya zama taki, manoman karkarar Kano sun daɗe da sanin darajar takin birni. Sai kududdufan cikin gari da ake ta cikewa ana gini a kai, su ne da suke shanye ruwan damina, duk wanda aka cike ruwansa kwata zai koma ya tarar da ita a toshe.

Jigawa maƙwabciyarmu ita ce jiha ta farko da aka ayyana ta daina bahaya a fili a 2022, aikin kuma da masu unguwanni da dagatai aka yi shi gida-gida. Kai da abokanka ku fara da layinku, ranar Asabar ɗin ƙarshen wata ta tsaftar muhalli ku fito aikin gayya ku yashe kwata, ku nemi motar REMASAB, wato hukumar kwashe shara ta jihar Kano, tun kafin ranar don kar yashin ya kwana a bakin kwata ruwa ya mayar da shi, kuna yi kuna lura da gidajen da bututun masai yake leƙowa waje, ku rubuta ku kai wa mai unguwa. Wanda yake da tambaya a kan tsarin ginin sokawe ya turo, mako mai zuwa in Allah ya kai mu a kansa za mu tsaya.