Wuƙar da ke kan gadon jariri

'Yata, na saurari saƙonki har sau uku kafin na sa yaron gidan nan ya zauna ya rubuta mini amsa. Barka da arziki kuma, Allah ya raya mana. Kin ce yaron ya shiga sati na shida, zazzaɓi yana zuwa yana tafiya. Gwaggon mijinki da ke zaune da ku a unguwar Nima a Accra ta sa masa wuƙa a wajen kansa, ta ɗaura masa laya a ƙugu. Kin je addu'ar kwana, mai wa'azin ya ce akwai tsohuwa a gidanku da ta kama kurwar yaron, ya sayar miki da kwalbar mai. Kina tambaya ko wuƙa da laya al'adarmu ce, ko Kirista zai iya barinsu, kuma ko ki sa mijinki ya mayar da tsohuwar Bawku, can arewacin Ghana.

Kafin komai, jaririn da bai kai wata biyu ba in jikinsa ya yi zafi, ranar ake kai shi asibiti, ba a jiran ranar awo. Ɗauki katin inshorarki ki tafi yau. Sauran maganar ki karanta a kan benci kina jiran layi.

E, al'adarmu ce. Uwata ta sa mini wuƙa a kai, ta sa wa babanki. Cewa ake yi iska ba ta son ƙarfe, maye ma haka. Shi ya sa ake ɓoye ciki har sai ya fito da kansa, ba a faɗin watan haihuwa, ba a yabon jariri a ce ya yi ƙiba don gudun kambun baka. Wadda 'ya'yanta ke mutuwa, in ta sake haihuwa sai a ce ɗan wabi ne, a yi masa tsaga, a ba shi suna marar daɗi kamar Ajuji, wai don mutuwa ta raina shi ta wuce. Asantawan da muke zaune da su a nan Kumasi suna da nasu. Akwai ciwon jarirai da suke kira asram, sun ce da ido ake sa shi, tun yaron yana ciki. Su ma ba sa fito da jariri a ba shi suna sai ya kwana bakwai, don a tabbata baƙon ya zo zama ne.

Kada ki yi wa iyayenmu dariya. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Matan da na tashi a hannunsu a unguwar Aboabo, da wuya ki sami wadda ba ta binne ɗa ba, wata biyu, wata huɗu. Ba allurar rigakafi, ba gidan sauro, ruwan rijiya ne kusa da masai. Mace tana kallon ɗanta yana shiɗewa a cinyarta, ba ta da abin yi, sai ta nemi abin da hannu zai iya riƙewa. Wuƙar nan daga nan ta fito.

Zan faɗa miki abin da ko babanki bai sani ba. Bayan ɗana na fari ya rasu, da na haifi yayarki sai na karɓi laya a wajen wata maƙwabciya, na ɗinke ta cikin ɗan bantenta. Ranar Lahadi ina zumuntar mata ina rera waƙa, yarinya a bayana, laya a ƙugunta. Shekara guda na yi haka. Abin da na lura da shi shi ne barcina bai ƙaru ba. Da ina tsoron maye kaɗai, sai na koma ina tsoron maye, ina tsoron kada layar ta jiƙe, ina tsoron kada matar fasto ta ɗauki yarinyar ta ji abu a jikinta. Ranar da ta ɓace a wajen wanki na kwana ina kuka kamar an riga an yi rasuwa. Gari ya waye yarinya tana wasa da ludayi. Ban sake neman wata ba. Yanzu ga ta can da jikoki.

To, ga abin da ya fi damuna a saƙonki. Kin tambaye ni a kan layar tsohuwa, ba ki tambaye ni a kan kwalbar da kika saya ba. Nawa kika biya? Ina kika ajiye ta? In ta ƙare, ya ce ki koma? Ni a wurina, abin da aka saya da kuɗi don ya tsare yaro, kuma in babu shi zuciya ta kasa kwanciya, laya ce, ko a fata aka ɗinke ta ko a kwalba aka zuba. Na san shafa wa marar lafiya mai yana cikin wasiƙar Yakubu, amma can dattawan ikilisiya ake kira su zo su yi addu'a, ban ga inda aka yanka farashi ba. Haka masu buɗe Zabura 91 su tura ƙarƙashin matashi ba tare da sun karanta ba, da me suka fi mai wuƙa? Garin nan na daɗe ina kallonsa. Wanda aka sace wa waya a kasuwar Kejetia sai ya ɗauki ƙwai da kwalbar giya ya ce zai kai ƙara wurin tsafin kogin Antoa, kogin ya kashe ɓarawon. Lahadi kuma ga shi a layin gaba a coci. Wasu masu wa'azin sun gane cewa tsoro kasuwa ce da ba ta ci baya, sai suka kafa rumfa a bakinta. Kada kuma ki ce wannan rigimar Kirista da Musulmi ce. Maƙwabtana na masallacin ƙarshen layinmu, malaminsu ya fi fastonmu zafi a kan laya da tsubbu.

Ba na ce miki babu mugunta a duniya ba, ko babu Shaiɗan. Na tsufa da yawa da zan faɗi haka. Amma da almajirai suka ga wanda aka haifa makaho suka tambayi Yesu laifin wa ne, nasa ko na iyayensa, bai nuna musu kowa ba. Ya ce ba na ko ɗaya ba ne, ya warkar da mutumin. Mu kuwa in yaro ya yi zazzaɓi sai mun samo mai laifi, kuma ki duba da kyau, ba a taɓa samo shi cikin masu mota. Kullum tsohuwa ce, mijinta ya mutu, ba ta da ɗa namiji da zai tsaya mata, hayaƙin murhu ya jajanta mata ido. Da a cikinmu tuɓe ta ake yi a sa ta tsallaka marar lafiya, wai ta saki kurwa. A garin Gambaga, can arewa, har yau akwai unguwar matan da aka koro daga garuruwansu da sunan maita, cocin Presbyterian ya yi shekaru yana lallashin danginsu su karɓe su. A watan Yulin 2020 a Kafaba, wajen Salaga, aka yi wa Akua Denteh duka har ta mutu, tsohuwa mai shekara 90, don wata mai duba ta nuna ta. Jama'a na tsaye, wasu na ɗauka a waya. Majalisar Ghana ta amince da dokar hana zargin maita a 2023, shugaban ƙasa na lokacin bai sa mata hannu ba.

Matar nan ta baro Bawku ta yi doguwar tafiya don ta dafa miki ruwan wanka, ta wanke miki tsumman jariri. Layar da ta ɗaura, da kuɗin goronta ta saya. In kika bari mijinki ya sa ta a mota da wannan suna a kanta, kafin ta sauka labari ya riga ta isa, kuma ba ta da inda za ta wanke shi. Ni ma gwauruwa ce, 'yata, haƙorana saura kaɗan, idona ja ne. Da ni ce a gidan, ni zai nuna.

Abin da zan ce ki yi, cire layar, amma ba da fushi ba, ba kuma a gaban mutane ba. Ki kai mata ɗaki da hannu biyu, ki ce, “Gwaggo, na gode, na san don ƙauna kika yi, amma mun miƙa yaron nan ga Yesu, ba za mu haɗa masa da wani abu ba.” Za ta ji haushi kwana biyu. Wuƙar kuwa ko ba maganar bangaskiya, ba a barin ƙarfe mai kaifi kusa da yaron da ya kusa fara juyi. Sauran al'adun jego ba duka ne na tsoro ba. Zaman kwana arba'in hutu ne da iyaye suka ƙwato wa mace, riƙe shi da kyau. Ruwan wanka ki sa a sirka, kunun kanwa ki rage sosai, don likitoci a Zariya sun daɗe da gano cewa shi da zafin wankan suna kumbura wa masu jego zuciya. In wanzami ya zo aski, kada ki bari ya taɓa belin yaron.

Kwalbar man, in na zaitun ne, ki soya ƙwai da shi. Wajen mutumin kada ki koma, ki gaya wa faston cocinku abin da ya faɗa, da sunan wadda ya nuna.

Da dare in tsoron ya taso, zai kuwa taso, ki tashi tsohuwar ku zauna tare. Ta fi ki sanin yadda ake riƙe yaro mai zazzaɓi. Ki karanta Zabura 121 da ƙarfi, da Hausa, yadda ita ma za ta ji.

Ranar Jumma'a zan shiga motar safe daga tashar Asafo, in Allah ya kai mu. Ki sa mijinki ya tare ni a tashar Circle, ƙafata ba ta son hawan gadar nan. Zan zo da daddawa da citta. Kada ki gyara mini falo, ki shimfiɗa mini tabarma a ɗakin Gwaggo, can zan kwana.