An saka uwar miji da ƙanwarsa a ƙarar musgunawa a Indiya: kotu na iya cire su?

Tambaya: Malam, ina karatu a Indiya. Matar abokina ta kai ƙara wurin 'yan sanda cewa ana musguna mata a gidan aure, ta saka har da mahaifiyarsa da ƙanwarsa da ke aure a wani gari. An ce doka ta sauya. Akwai hanyar cire su?

Amsa: Akwai, ɗan'uwa, amma ba don tsufan uwar ko don sun rantse ba su yi ba.

Tun 1 ga Yulin 2024 Indiya ke aiki da sababbin dokokin laifuka. Sashe na 498A na tsohuwar dokar laifuka, wanda aka kafa a 1983 saboda matan da ake azabtarwa kan dukiyar da dangin ango ke matsa wa dangin amarya su kawo, ya koma sashe na 85 da 86 na sabuwar dokar laifuka, wato Bharatiya Nyaya Sanhita. Hukuncin bai sauya ba: ɗauri har shekara 3 da biyan tara. Ikon Babbar Kotun jiha na soke ƙara, wanda a da yake sashe na 482 na tsohuwar dokar bin shari'a, yanzu yana sashe na 528 na sabuwar dokar bin shari'a. In abin ya faru kafin wannan rana, tsohon sashe na 498A ne zai hau kansa.

Abin da alƙali zai duba shi ne takardar ƙorafin kanta. Ta faɗi abin da kowane mutum ya yi, da yaushe, da ina? Ko kuwa cewa kawai aka yi "dukkansu sun musguna mini"? A shari'ar Kahkashan Kausar ta 2022, Kotun Ƙoli ta soke tuhumar surukai saboda irin wannan zargi na kuɗin goro, ta kuma nanata haka a shari'ar Dara Lakshmi Narayana a Disambar 2024. Ƙanwar tana da madafa sosai in ta kawo shaidar cewa ba gida ɗaya suke zaune ba.

Uwar kuwa, sai an karanta. In matar ta ambaci rana da abin da aka yi mata ko kuɗin da aka nema, Babbar Kotu ba za ta tsaya auna shaidu a wannan mataki ba, za ta bari a yi shari'a. Kuma ina ganin hakan daidai ne, domin mata da yawa ba su da wata kariya sai wannan sashe.

Game da kamu, tun shari'ar Arnesh Kumar ta 2014 aka hana 'yan sanda kama mutum nan take a irin wannan ƙara ba tare da rubuta dalili ba. Duk da haka su nemi belin kafin kamu. In kuma an yi sulhu na gaskiya, Babbar Kotu na iya soke ƙarar, kamar yadda aka amince a shari'ar B.S. Joshi ta 2003. Su kai wa lauyan jihar kwafin ƙorafin tun yanzu.